Tangaran a Rumfar Inna Tambaya

In ka bar Kura ka ɗauki hanyar da ta bi gefen kanal ɗin ban-ruwa zuwa Bunkure, kafin ka kai jerin injinan casar shinkafa za ka ga wata rumfar kwano a hannun hagu, da 'yan bencina da randa a bakin ƙofa. Babu allo, babu suna, amma kowa ya san rumfar Inna Tambaya ce. Ni Sagiru, injina yana bayanta kaɗan, kuma na daɗe ina cin abincin rana a wurinta. Abin da zan faɗa, wani na gani da idona, wani kuma ita ta ba ni labarinsa.

'Yar Fulanin da suka zauna a gefen Bunkure ce. Mahaifiyarta nono take kawowa gari, kuma an san ta da tsabtar ƙwarya. Tambaya ta ce tun tana ƙarama aikinta ke nan da safe, goge ƙore da yashi da toka har sai sun yi fari tas. In ta yi ha'inci, uwar takan juya ƙwaryar ta duba, ta miƙo mata ta sake gogewa. A ganin tsohuwar, fura komai kyanta, in mazubinta ya yi dauɗa to an rage mata daraja.

Da Tambaya ta girma ta auri Malam Isiyaku, manomin rani mai gona a bakin ruwa, albasa da tumatir da rani, shinkafa da damina. Kamar yawancin matan ƙauyen, ta shiga turara shinkafa. Ta yi shekaru a gaban tukunya, tana jiƙa shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, tana turarawa, tana shanya a kan leda, har hayaƙi ya fara taɓa mata ido. Da likita ya ce ta rage, sai ta bar wa ƙannenta tukwanen ta kafa rumfa. Girki ma da hayaƙi, in ji Malam Isiyaku. Ta ce wannan hayaƙin na safe ne kawai, wancan kuwa wuni ake yi a cikinsa.

Abincinta ba wani baƙon abu ba ne. Garau-garau da safe, tuwon shinkafa da miyar taushe ko kuka da rana, ranar Juma'a dafa-duka. Masu cinsa kuma mu ne: masu inji, direbobi, masu dako, dillalan kayan gwari, da 'yan ƙwadagon da ke zuwa daga nesa lokacin dashe da yanka. Abin da ya bambanta ta da sauran masu abinci shi ne ba ta miƙa wa mutum kwano da hannu ɗaya tana kallon wani wuri. Sai ta goge bakin kwanon, ta gyara zaman malmalar, sannan ta ajiye a gabanka. Amma kwanukan nan na silba sun sha jiki, duk sun lotse, na roba kuma manja ya rina su, komai wanki ba sa fita. Wannan abu ya daɗe yana damunta. Takan ɗaga farantin roba ta dube shi a hasken rana ta ce, "Wanda bai sani ba sai ya ce ban wanke ba."

Autarta Nafisat ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti a Kumbotso, takan zo gida ƙarshen mako. Wata Asabar suna zaune a rumfa bayan an watse, Nafisat tana duba kayan kicin a waya saboda bikin wata ƙawarta, sai Inna Tambaya ta leƙa. Ta ga wasu farantan tangaran, farare da shuɗin baki, an zana musu ganye da lemo a gefe.

"Tsaya, mayar da shi baya. Wannan na ina ne?"

"Na Italiya ne, Inna. Da hannu ake zana su. Irin wanda amaren birni suke jerawa a shokes."

"Jerawa kawai? Ba a ci a ciki?"

"Wa zai ci a ciki? Tsada gare su."

Inna Tambaya ta karɓi wayar ta kawo ta kusa da idonta, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Ni in na samu, tuwo zan zuba."

Nafisat ta ɗauka wasa ne. Da aka kwana biyu uwar ta kira ta a waya ta ce ta nemo mata masu sayarwa, sai ta gane da gaske take. Maganar ta fita, kuma kusan duk wanda ya ji sai ya yi dariya. Ni ma na ce mata, "Inna, mu da muke zuwa da ƙurar ɓuntu har cikin kunne, ina mu ina tangaran?" Malam Isiyaku bai hana ba, don ba halinsa ba ne, kuma guminta ne, amma ya ce mata ta yi tunani: masu dako hannunsu nauyi gare shi, mako guda sai a ga rumfa cike da fasassun kaya.

Ta ce, "Malam, mutumin da ya wuni cikin taɓo har gwiwa don mu ci shinkafa, shi ne bai cancanci ya ci tasa a abu mai kyau ba? Wanda ke zaune a ofis ai kullum a irinsu yake ci."

Malam Isiyaku ya ce Allah ya sa alheri, ya ɗauki fartanyarsa ya fita.

Inna Tambaya ba ta yi boko ba, amma ta iya saƙon murya, kuma ta yi shekara da shekaru tana ciniki da dillalan shinkafa, ba a yi mata wayo cikin sauƙi. Nafisat ta sa mata manhajar da ake tallar kayan a wayarta, ta nuna mata yadda ake buɗe hoto da yadda ake kiran bidiyo. Shafin farko da suka samu, kayan sun yi araha ƙwarai, mai shafin kuma yana ta matsawa a tura kuɗi yau-yau don saura kaɗan. Inna Tambaya ta aika masa saƙo ta ce ya kira ta da bidiyo, ya riƙe farantin a hannunsa ta gani. Ya ce shagon a rufe yake. Ta ce gobe ma rana ce. Washegari aka nemi lambarsa aka rasa. Ta ce wa Nafisat, "Mai kaya ba ya tsoron a ga kayansa."

Mai shafi na biyu ya yarda ya nuna. Ta ce ya kifa farantin ya kusanto da gindinsa. Nafisat ta karanta tambarin, ashe ba a Italiya aka yi shi ba, zanen ne kawai aka kwaikwaya. Mutumin bai musa ba, ya ce ai duk ɗaya ne. Inna Tambaya ta ce mai yiwuwa nasa ma yana da kyau, amma da ya faɗa tun farko da ta fi yarda da shi. Ta yi masa sallama cikin mutunci ta kashe wayar.

Haka aka yi ta nema har albasa ta isa cira. Sannan Nafisat ta samo wata mata a Legas mai suna Khaulat, Bahaushiyar Agege, wadda ke shigo da kayan tangaran daga Italiya tana sayarwa ta intanet. Ranar da suka fara magana, wata Asabar da Nafisat ta zo gida, ina rumfar ina cin abinci, don haka na ji da kunnena. Inna Tambaya ta jingina wayar da galan ɗin mai, ta zauna a kujerarta 'yar tsugunne, ta gyara mayafi kamar mai karɓar baƙuwa. Sai da suka gaisa sosai, ta tambayi mutan gida da yara da ruwan saman Ikko, kafin a zo kan kaya.

Khaulat ta fara nuna mata wani saiti fari mai bakin zinare. Ta ce, "Mama, wannan shi aka fi saya. Iyayen amare daga Kano shi suke oda."

"Yana da kyau, 'yata. Amma ni da soso da toka nake wanki, sau nawa a rana. Zinaren nan zai tsaya?"

Khaulat ta yi dariya ta ce gaskiya ba zai tsaya ba. Ta ɗauko wani mai faɗi shimfiɗaɗɗe. Inna Tambaya ta ce wannan in aka zuba miyar kuka sai ta gangaro wa mutum a cinya. Ta ce tana son mai zurfi, wanda malmala za ta zauna a tsakiya miya ta kewaye ta. Khaulat ta ɓace daga hoton, muka ji tana jan kwali, sai ga ta da wani mai kauri, cikinsa ya lotsa kamar ƙaramar tasa, bakinsa shuɗi, da zanen ganye a gefe ɗaya.

"Wannan su can taliyarsu suke ci a ciki."

"Ashe su ma sun san abin romo. Dunƙule hannunki ki sa a tsakiya in ga zurfinsa."

Khaulat ta dunƙule hannu ta sa. Inna Tambaya ta ce ta ƙwanƙwasa bakin da cokali. Ta kara kunne a wayar, ta ce a sake. Sautin ya fito wasai, ya ɗan ja kafin ya mutu. Ta gyaɗa kai. Ta sa aka kifa shi Nafisat ta karanta tambari, aka tabbatar. Daga nan ta roƙi abu na ƙarshe.

"In ba za ki ji haushi ba, ki zuba masa manja, ki bar shi ya kwana, gobe ki wanke ki nuna mini."

Khaulat ta ce tunda take wannan sana'a ba a taɓa tambayarta haka ba, amma za ta yi, don ita ma tana son ta sani. Washegari da hantsi ta kira, ta wanke farantin a gaban wayar, ya fito fari kamar ba a taɓa zuba masa komai ba. Sai a nan ta tambaya, "Mama, wai bikin wa za a yi?" Da Inna Tambaya ta gaya mata na masu dako da 'yan dashe ne, sai ta ce a juya wayar ta ga rumfar. Aka juya. Ta ga bencina, ta ga murhu, ta gan mu muna ɗaga mata hannu da miya a yatsu. Daga ranar ta daina magana irin ta mai shago.

Saura yadda kaya za su iso. Khaulat ta ce tana da kamfanin da ke kai saƙo, amma iyakarsa cikin birnin Kano, kuma ba ta ɓoye ba, ta ce akan samu fashewa a hanya. Inna Tambaya ta ce a dakata. Akwai Hambali, direban babbar mota da ke ɗaukar tumatir daga Kadawa zuwa kasuwar gwari ta Legas, ya dawo da kwanduna babu komai. Ya daɗe yana cin tuwonta. Inna Tambaya ta zo injina da kanta ta ce in cika mata buhu biyu da ɓuntun shinkafa, busasshe mai tsabta. Ta ba Hambali ya tafi da su tare da lambar Khaulat. Ta waya ta koya mata yadda za ta yi: a shimfiɗa ɓuntu a gindin kwando, a kwantar da faranti, a rufe shi da ɓuntu, a ɗora wani, kada biyu su taɓa juna. Haka suke yi wa ƙwan zabi in za a kai kasuwa a kan babur. A saman buhu ɗaya kuma ta ɗaura ƙunshin shinkafarta, sabuwar casa, ta ce a ba Khaulat ta ɗanɗana.

Hambali ya ce bai taɓa tuƙi da fargaba irin na wannan dawowar ba. Kwandunan a gaban mota ya sa su, kusa da shi, duk ramin da ya faɗa sai ya dafa su da hannu ɗaya yana salati. Da ya iso, rumfar ta cika da 'yan kallo. Inna Tambaya ta shimfiɗa tabarma, ta riƙa tono farantan ɗaya bayan ɗaya tana hure ɓuntun. Guda ɗaya ne kawai ya ɗan ɓantare a baki. Ta ware shi ta ce wannan nata ne. Malam Isiyaku ya ɗauki ɗaya ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya shafa zanen da babban yatsa, ya ce, "To, lallai an yi aiki a nan." A wurinsa wannan babban yabo ne.

Abin da ba wanda ya zata shi ne mutane za su ji tsoron ci a ciki. Ranar farko da ta zuba, wani mai dako ya dubi farantin ya dubi hannunsa, ya tashi ya koma bakin randa ya sake wankewa har gwiwar hannu. Wani ya ce don Allah a juye masa a kwanonsa na da. Ta ce kwanonsa na da ta ba masu awaki. Rumfar da kullum take cike da hayaniya ta yi tsit, ba ka jin komai sai mutane suna cin tuwo a hankali kamar a gidan surukai. Sai da aka yi kwanaki kafin surutu ya dawo. Amma wasu abubuwa sun canza ba su koma ba. Ba a ƙara ajiye faranti a ƙasa kusa da takalmi ba. Wanda ya gama yakan ɗauka da hannu biyu ya kai mata har wurin wanki.

A cikin 'yan yankan shinkafa na waccan shekarar akwai wani dattijo, Malam Hashimu, da ya zo ci-rani daga can arewa. Mutum ne mai kunya, ba ya yawan magana, kullum a ƙarshen benci yake zama. Wata rana ya gama ci ya miƙe zai kai farantin, hannunsa ya gaji da wunin riƙon lauje, farantin ya suɓuce ya faɗi a kan dutsen murhu ya tarwatse. Inna Tambaya tana bayan rumfa tana ɗibar ruwa. Kafin ta zagayo, dattijon ya tsince gutsattsarin ya tara su a kan benci, ya fice.

Washegari bai zo ba. Jibi ma haka. Da ta tambayi abokan aikinsa, suka ce yana nan a gona, amma in an tashi cin abinci sai ya zauna a gindin bishiya ya jiƙa garin kwaki. Ya ce ba shi da idon da zai dube ta, ya fasa abin da aka kawo daga wata duniya.

Rannan da azahar Inna Tambaya ta bar rumfar a hannun ƙanwarta. Ta zuba tuwo da miyar taushe a cikin irin farantin nan, ta rufe da faifai, ta ɗaure da ƙyalle ta ɗora a ka. Ni na ɗauke ta a babur har inda hanya ta ƙare, sauran ta taka da ƙafa a kan kunyar da ta raba gonaki, ga ruwa dama da hagu, ga ta da idon da ba ya gani sosai. Na bi ta a baya. Muka same shi a gindin wata ƙanya. Da ya hango ta ya miƙe tsaye, ya rasa inda zai sa kansa.

Ta sauke kayan, ta kwance ƙyallen, ta ajiye a gabansa. Ta ce, "Baba, abincinka ya huce yana jiranka, shi ne na biyo ka da shi."

Ya ce, "Hajiya, ki yafe mini. In an gama yanka zan zo in yi miki faskare har sai kin ce ya isa."

"Ba na son faskare. Yumɓu ne fa, Baba, irin na tukunyarmu, sai dai nasu ya sha wuta. Tun ranar da na saya na san wata rana zai fashe. Da don ajiya na saya da yana cikin kabad. Zauna ka ci."

Ya zauna, amma bai taɓa abincin ba. Ya ce ko za a juye masa a kwanon garinsa. Ta ce a'a, a nan zai ci, kuma in ya gama shi zai dawo mata da farantin rumfa da kansa, don ita ba za ta jira ba. Ta juya muka taho. Da la'asar sai ga shi, ya wanke farantin a kanal, ya naɗe shi a cikin rawaninsa, ya rungume a ƙirji. Ya miƙa mata, ya koma ƙarshen bencinsa ya zauna. Har aka gama yanka bai ƙara fashin zuwa ba, kuma shekarar da ta biyo ya dawo da ƙaninsa.

Bayan nasa wasu ma sun fashe, ba da yawa ba. Duk lokacin da Hambali zai sauka Legas, in akwai giɓi, sai a ba shi buhun ɓuntu. Khaulat yanzu da ɓuntu take shirya wa duk masu oda daga nesa, har takan aiko a ƙaro mata. Ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba, amma da Khaulat ta haihu, Inna Tambaya ta aika da yaji da zanen goyo, aka kuma sa wayar a gaban jaririn ta yi masa addu'a.

Matan ƙauyen ma sun fara zuwa wurinta in za su aurar da 'ya, su ce ta taya su zaɓe. Takan zauna da su a gaban waya, ta sa a ƙwanƙwasa, a kifa, a duba gindi. Ba ta karɓar komai a kan haka. Sharaɗinta ɗaya ne, kuma amaryar take gaya wa ba uwar ba: a ware ko guda biyu ne a riƙa ci a ciki. Wasu suna bi, wasu suna jerawa a shokes su kulle, ita kuma ba ta bin diddigi.

Makon jiya na shiga rumfar na tarar da ita da Malam Isiyaku sun haɗa kai a kan waya. Ya dawo daga ban-ruwa, ƙafarsa duk laka, ya zauna a bakin benci yana nuna wani abu da yatsa. Ashe kofunan shayi ake dubawa, kuma shi ya kawo maganar. Yana cewa hannun wannan ya yi ƙanƙanta, yatsan manomi ba zai shiga ba. Inna Tambaya ta danna wayar ta kai bakinta.

"Khaulat, kin ji abin da babanki ya ce. Ki duba mana mai babban hannu."

Ta ajiye wayar, ta ɗauko mara, ta tambaye ni taushe ko kuka.